Rasuwar Kawu Mai Hannu Huɗu

Da zukata cike da baƙin ciki, da wani ɗan haushi da har yanzu ya ƙi sauka, ake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zura hannu a cikinsa, rasuwar Kawu Mai Hannu Huɗu, babban akwatin ƙarfen nan mai fuskar gilashi da ke jingine da bangon ɗakin gwaji na hawa na biyu, tsakanin wurin wanke kwalabe da tagar da ba ta buɗuwa. Ya rasu yana da shekara ashirin da shida a bakin aiki. An tabbatar da rasuwar ranar Litinin da hantsi. Sai dai masana sun ce ya kai wata goma sha huɗu da cikawa, yana tsaye a wurinsa, ana gaishe shi kowace safiya, ba wanda ya lura.

Mai makokin jikata ce, wadda a gida muke kira Maƙeriya, don tun da ta shiga jami'a ba ta da zance sai na ƙarfe. Sau uku tana ɗaukar biro za ta rubuta wannan sanarwa tana ajiyewa. A na huɗun na ce ta miƙo nan.

Ga waɗanda ba su san marigayi ba, aikinsa guda ɗaya ne a duniya: hana iska shiga. Iskar nan da muke shaƙa, wadda ke mayar da ƙusa ja in an bar ta a tsakar gida, ita ce abokiyar gabar masu irin sana'ar Maƙeriya. Suna haɗa wasu garurruka daga baƙin ƙarfe da danginsa, su tagulla da kobal da manganis, ƙarafan nan masu saurin sauya launi da hali, kuma akwai garin da ko numfashin jariri ya taɓa shi ya lalace. To cikin Kawu babu irin iskarmu. An cika shi da wata iska saliha da ba ruwanta da kowa. A fuskarsa akwai ƙofofi huɗu zagayayyu, kowace da doguwar safar hannu ta baƙar roba. Mutum ya tsaya a waje, ya zura hannu har kafaɗa, ya yi awonsa da damunsa a ciki yana leƙe ta gilashi. Idan ba kowa, iskar ciki takan tura hannayen nan huɗu su miƙe waje, kamar kawun da ya hango 'ya'yan ƙanwarsa tun daga bakin ƙofa. Daga nan sunan ya samo asali.

Mutum ne mai tsari. Ba a shiga wajensa kai tsaye. Yana da ɗan zaure a gefe, inda za a ajiye kwalba ko cokali, a rufe, a zuƙe iskar waje sau uku, sannan a buɗe ta ciki. Ba ya da yawan magana. In ya ƙoshi, sai ka ji ƙyas. In yana son ƙarin iska, sai ya ce tsss, ya yi shiru. Famfonsa na ƙasa kuwa gur-gur-gur yake yi tun safe har yamma, irin minsharin dattijon da ya san ba wanda zai tashe shi. Dakta tara ya yaye. Bai taɓa cin amanar ko ɗaya ba. Sai da ya zo kan tamu.

Shekara ashirin da huɗu daga cikin rayuwarsa, a hannun mutum ɗaya ya yi su, wani ma'aikacin ɗakin da kowa ke kira Baba Mai Ƙwai. Ba ƙwan kaza ba, ƙwan lantarki. Kowace Litinin da safe zai zo da ƙwai irin na da, mai 'yar siririyar waya a ciki. Ya naɗe shi a tsumma, ya ɗan ƙwanƙwasa har gilashin ya fashe wayar ba ta tsinke ba, ya shigar da shi ta zaure, ya kunna, ya tafi ya haɗa shayinsa. In ya gama sha ya dawo ya tarar da wayar tana ci tsirara a cikin akwatin, to Kawu lafiyarsa lau, don da iskarmu ta shiga da tuni wayar ta ƙone. Sai ya shafa gilashin ya ce, "Madalla, a kama aiki."

Shekarar da Maƙeriya ta fara digirinta na uku, shi ya tsaya a kanta ranar da garinta na farko ya fito. Shunayya ne tsantsa, mai duhu, har yana ɗaukar ido. Baba ya ɗebi kaɗan ya zuba a siririn bututun gilashi, ya narke bakinsa da wuta ya liƙe, ya ce mata, "'Yar nan, na farko ba a gwaji da shi, ajiyewa ake." Ita kuma ta kawo mini tsaraba. Na sa shi a gwangwanin maɓallai da zare, can cikin kabad. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da Baba ya yi ritaya, Farfesa, shugaban ɗakin, ya sa aka liƙa wa Kawu sabuwar mita a goshi, mai koren rubutu, wadda ke faɗin yawan iskar da ta shiga ba tare da an fasa komai ba. Baba ya bar musu kwali guda na ƙwai, ya ce ko da mita a riƙa yi. Aka ce to Baba. Litinin biyu aka yi. Ta ukun Dogo, abokin karatun Maƙeriya, ya ce, "Yanzu fisabilillahi a wannan zamanin muna fasa ƙwai kamar masu tsibbu?" Kowa ya yi dariya, har da ita, kuma ta ce in rubuta cewa har da ita. Ƙwayayen suka watse. Biyu a banɗaki, uku a baranda, sauran suka bi mutane gida.

Mita kuwa ta ce sifili da ɗigo ɗaya. Gobe ma haka. Wata ya zagayo, haka. Baƙi in sun zo, wajenta ake fara kai su. Farfesa yakan nuna ta da biro ya ce a duk ginin nan ba akwatin da ya kai nasu tsabta. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa wane mai rai ne zai yi shekara yana ba da amsa ɗaya.

Rashin lafiyar marigayi ta fara a hankali. Tsss ɗinsa da a da sai a yi rabin awa ba a ji ba, ya koma kowane minti biyar. Tukunyar iskar da ke yi masa wata guda ta koma ƙarewa a kwana goma. Hannunsa na hagu na can ƙarshe ya daina miƙewa sosai, yana ɗan langaɓewa kamar mai jin kasala. Dogo ya ce tsufa ne, Kawu ya fara surutu. Maƙeriya ta ji a jikinta akwai wani abu, ta ɗaga kai ta dubi goshinsa, ta ga sifili da ɗigo ɗaya, ta mayar da kai kan aikinta. Tana da dalilin yin sauri.

Ga dalilin. A wata ƙasa mai nisa akwai wata na'ura da aka gina a ƙarƙashin ƙasa, tsawonta ya kai a gaji in an taka, har ma'aikatanta da keke suke yawo a ciki. Leza ce, amma ta eksire, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ta fi na asibiti ƙarfi nesa ba kusa ba. Tana harba hasken guntu-guntu, kowane guntu ya fi ƙiftawar ido gajarta yadda lissafi ma sai ya yi da gaske. Da ita ake kama abin da ƙarfe ke yi a daidai lokacin da haske ya faɗo masa, kafin ya gyara zama. Garin Maƙeriya an yi shi ne don ya kama hasken rana, kuma abin da ya rage mata ta kammala digiri shi ne ta nuna yadda ƙarfen cikinsa yake yi a wannan ɗan lokacin. Irin na'urar nan ba su da yawa a duniya, masu nema kuwa ba iyaka. Takarda ake rubutawa a shiga layi. Ta rubuta, aka ƙi. Ta sake rubutawa. Bayan shekara biyu aka ba ta kwana uku. Uku cif, ba ƙari. In ta samo amsar da take nema a cikinsu, bana ta zama dakta. In ba ta samo ba, ta koma bayan layi.

Wata takwas ta yi hannunta cikin na Kawu har kafaɗa, tana haɗa kwalba goma sha ɗaya. Bikin ƙanwarta ma da yamma ta leƙo, da shatin roba a damtse. Ana saura mako uku tafiya, mijinta ya biya da ni wajen aikinta a hanyarmu ta dawowa daga ganin likitan ido. Ta jawo ni gaban gilashi tana nuna mini kwalaben a jere kamar 'yan makaranta. Na duba, na goge tabarau, na sake dubawa.

Na ce, "Maƙeriya, garin nan ya koɗe. Nawa na gida ya fi shi kyau."

Ta ce, "Kai Kaka! Ke da yanzu aka ɗiga miki magani a ido?"

"Idon nan ya shekara hamsin yana zaɓen zare. Wannan ya ja zuwa ruwan ƙasa."

"Fitilar ɗakin ce. Kin ga can? Sifili da ɗigo ɗaya."

Dogo ya ce a ba Kaka farar riga ta fara aiki gobe. Muka yi dariya, na kama jakata. Ba laifinta ba ne gaba ɗaya. Wanda ke kallon abu kullum ba ya ganin sauyinsa. Ni kuwa wancan na gida kaɗai na sani, kuma duk sanda na nemi allura sai mun haɗa ido.

Suka ɗaure kwalabe cikin gwangwanaye masu murfin ƙarfe, da takardun izini da suka fi kwalaben nauyi, suka hau jirgi biyu, ita da Farfesa da Dogo.

Ranar farko ta tafi a saiti. Ana narkar da garin, a harbo ruwan ta wani ɗan bututu, siriri kamar gashi, hasken ya ratsa shi. Ɗakin da ake yin haka ba a zama ciki. Sai an leƙa kowane lungu an tabbatar ba kowa, a danna maɓallai, jiniya ta yi kuka, wata ƙatuwar ƙofa ta rufe kanta, sannan a koma wani ɗaki a zauna gaban allunan kwamfuta. Abin da ake kallo layi ne. Ana ƙara wa hasken ƙarfi kaɗan-kaɗan, layin yana tafe a kwance, har a kai inda ƙarfen zai fara shan hasken, sai layin ya yi tsalle sama kamar matakala. Kowane ƙarfe da inda matakalarsa take. Kuma in iska ta taɓa shi, matakalar takan gusa gaba kaɗan. Kaɗan ɗin nan shi ne komai.

Al'adar masu aikin ce, kafin a sa abin da aka zo da shi, a fara auna sanannun abubuwa don a san ma'auni daidai yake. Aka auna fallen ƙarfe mai tsabta, layinsa ya fito baƙi. Aka auna tsatsa, tsatsar gaske da suke ajiye da ita a kwalba, nata ya fito ja. Da la'asar aka sa kwalbar Maƙeriya ta ɗaya.

Layinta shuɗi ya taho a kwance. Ya iso inda take jira ya yi tsalle, bai yi ba. Ya wuce abinsa. Ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da jan layin, sannan ya hau.

Matar da ke kula da na'urar, wata mai furfura da ta ga irin wannan rana da yawa, ta juyo a hankali ta ce, "Ko dai ba a canza kwalbar ba? Kamar har yanzu tsatsar muke aunawa."

Aka buɗe ƙofa, aka duba, an canza. Aka wanke bututu. Aka sa ta biyu. Jiniya ta yi kuka, ƙofa ta rufe, layi ya taho, ya je ya jingina da jan. Ta uku haka. Washegari kafin azahar an gama da goma sha ɗayan, kuma duk bakinsu ɗaya.

Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Abin da ya faɗa ya fi layin ciwo. Ya ce akwati dai lafiyarsa ƙalau, kowa shaida ne, don haka sai dai in tun asali hanyar haɗin nata ce ba daidai ba, watakila garin da take zaton ta yi bai taɓa samuwa ba. Wato shekara huɗu. Ta fita baranda, masu keke suna wuce ta suna ɗaga mata hannu, ta tsaya gaban wata na'urar sayar da ruwa tana kallonta kamar za ta ba ta amsa. A nan maganata ta faɗo mata.

Ina tsakar gida ina shanya wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Ko gaisuwa babu.

"Kaka, gwangwanin maɓallai. Buɗe ki nuna mini."

"Ba ko ina wuni?"

"Kaka don Allah!"

Na ɗauko bututun na ɗaga shi a rana. Shunayya, kamar ranar da aka liƙe shi. Ta ɗaga nata kusa da fuskar wayar. Ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Ta fashe da kuka, kuma har yau ba ta san na murna ne ko na takaici ba. Garinta na gaskiya ne. Yana nan. Yana cikin kabad ɗin kakarta, tsakanin maɓallin kwat da zaren ɗinki, jirgi biyu tsakaninsa da na'urar, ga kwana ɗaya da rabi ya rage. Na ce in sa shi a jaka in taho. Ta ce ba ni da fasfo. Na ce a ba direban jirgi saƙo. Ta ce takardar izinin ɗaukar irinsa mako shida take yi. Na ce to wannan wane irin ilimi ne, ta ce ita ma abin da take tambayar kanta ke nan.

Rana ta uku ba a mayar da ita, ba a kuma ajiye wa mutum sai wani jiƙon. Don kada ta tafi a banza, suka zauna suka auna abin da ke hannunsu ciki da bai. Matar mai furfura ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an auna lalataccen gari da kyau haka ba. Da nufin lallashi ta faɗa.

Litinin ɗin da suka dawo, Maƙeriya da kanta ta je har gida ta ɗauko Baba Mai Ƙwai. Ya shigo ɗakin, ya dubi hannun hagun da ya langaɓe, ya saurari tsss sau biyu, ya dubi mitar ya kau da kai. Ya zaro ƙwai daga aljihu, naɗe a hankici. Ya ƙwanƙwasa, ya shigar ta zaure, ya zuƙe sau uku. Dogo ya tashi zai ɗora ruwan shayi. Baba ya ce, "Zauna, ɗana, ba za a kai nan ba." Ya kunna. Wayar ta yi fau, wani farin hayaƙi ya tashi siriri, shi ke nan. A goshin marigayi kuwa koren rubutu yana nan daram, sifili da ɗigo ɗaya.

Da aka kwance, aka tarar hancin mitar, wato ɗan abin da ke shinshino iskar, ya daɗe da mutuwa, ya bar lambar ƙarshe a rubuce. Aka tarar da tsaga a gindin hannun hagu, da wata doguwa a bayan akwatin inda aka yi walda tun farko, wadda ba ta gyaruwa. Masu ƙera irinsa sun daina tun tuni. Baba ya shafa gilashin ya ce, "Ya yi ta faɗa muku. Wata goma sha huɗu yana faɗa." Farfesa ya juya wajen Maƙeriya a gaban kowa ya ce maganar da ya yi a can ya janye ta. Ta ce ba komai, Farfesa. Da komai, amma tarbiyya muka ba ta.

Marigayi ya rasu ya bar famfo ɗaya, wanda ke da sauran ƙarfi kuma maƙwabta na hawa na uku sun riga sun zo zawarcinsa tun ba a share hawaye ba. Ya bar hannaye huɗu, uku masu lafiya. Ya bar tukwanen iska biyu, ma'auni ɗaya, cokula shida, da wani biro da ya faɗa bayan shiryayye tun zamanin dakta na uku ba a iya cirowa ba sai yanzu. Ya bar marayu goma sha ɗaya, masu launin ruwan ƙasa. Ya bar ɗa guda na halak, shunayya, a hannun riƙo. Mitar ba ta cikin magada, kuma iyalai na roƙon kada a ambace ta a wajen zaman.

Za a fitar da shi ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, ta ƙofar baya, tunda ta gaba ba ta ɗaukarsa. Ana buƙatar maza shida masu lafiyar baya. Za a sauke shi ta matakala, don na'urar hawa bene ta ce ya fi ƙarfinta, a kai shi rumfar tsofaffin kaya da ke bayan wurin ajiye motoci, inda zai kwanta kusa da firjin da ya riga shi bara. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin shan shayi daga sha ɗaya zuwa azahar. Mai zuwa kada ya kawo fure. In da hali ya kawo ƙwan lantarki irin na da, mai waya a ciki, don sun yi wuya a kasuwa. Kada kuma kowa ya ce wa mai makoki ai kwana uku ne kawai.

Farfesa ya rubuta takardar neman sabon akwati, an ce ana dubawa. Dogo shi aka ɗora wa fasa ƙwai kowace Litinin a akwatin aro na hawa na uku, kuma an ce hannunsa ya faɗa. Baba Mai Ƙwai ya koma gida wajen tattabarunsa, ya bar lambar waya. Maƙeriya ba ta zama dakta bana ba. Ta sake shiga layi, an ba ta wasu kwana ukun nan da wata goma sha takwas, ta fara haɗa gari daga farko. Bututun kuwa ta roƙa in mayar mata na ƙi, kyauta aka ba ni. Duk sanda ta gama sabuwar kwalba, takan kawo ta gida a liƙe, mu fita tsakar gida mu ɗaga su biyu a rana, sai na ce ya yi sannan take rubuta masa lamba.